Fitilar inji ta kama a jif mai gas: a canza nozul ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Land Cruiser V8 mai shan gas, ƙirar 2014, da aka shigo da ita daga Turai. Yawancin aikinta cikin gari ne, kai yara makaranta daga Ƙofar Ƙaura zuwa GRA da zuwa kasuwa. Kwanan nan fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, kuma da muka ɗauki hanyar Daura sai motar ta yi sanyi, kana taka totur ba ta amsawa. Bakanikena ya ce a canza nozul duka takwas. Wani rewaya kuma ya ce a cire tukunyar tace hayaƙi a goge fitilar, a huta. Wanne zan bi? Daga wani Alhaji, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Cikin su biyun babu wanda ka ce ya jona wa motar kwamfuta ya nuna maka abin da ta faɗa, kuma nozul takwas na wannan injin, masu fesa gas cikinsa, ba kuɗin da ake kashewa bisa zato ba ne.

Sanyin da motar ta yi ba lalacewa ba ce a karan kanta. Kwamfutar injin ce ta ga wani abu ya saɓa ƙa'ida, ta rage ƙarfi da gangan don kada ɓarna ta ƙaru. Fitila mai ruwan ɗorawa tana ba ka damar lallaɓawa zuwa gareji. Da a ce ja ce ta baƙin mai ko ta zafin inji, wannan a nan take ake fakawa a kashe mota.

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ƙofofi 16 da ake kira OBD. Nan ake jona kwamfuta, ta fito da lamba mai farawa da harafin P. Ka tsaya da kanka a wurin, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa. Na jaddada wannan ne saboda ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a garejinmu: a jona, a goge, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo. Tare da lambar, motar tana ajiye bayanin halin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta faru, gudunsa da zafinsa da ƙarfin turin mai, kuma gogewar tana tafiya da shi duka.

Lambar ma ba ta cewa a sayi kaza. Sashen da ya koka kawai take nunawa. P0087 na nufin ƙarfin turin mai ya yi ƙasa, kuma farkon abin zargi a nan filtar gas ce da ta toshe, ba nozul ba. P0299 na nufin tarbo, mai tura iska cikin inji, ba ta ba da iskar da ake buƙata, wanda sau da yawa tiyo ne ya tsage ko ya kwance. P0101 ta shafi sensar auna iska, wadda ƙurar hunturu ke dusashewa idan filtar iska ta gaji ko an huda ta da yawan busawa da kwamfaresa. P0401 kuwa bawul ɗin EGR ne, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, ya cika da kunkunniya. Wankewa yake so.

Yadda ka bayyana zirga-zirgar motar, zatona ya fi ƙarfi a kan P2463, wato tukunyar tace hayaƙi, DPF, ta cika. Tun daga dokar hayaƙin mota ta Euro 5 ta 2009 motocin gas na Turai ke zuwa da ita. Aikinta kama kunkunniya, sannan lokaci-lokaci kwamfuta ta ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone abin da ya taru. Ƙonawar tana buƙatar tafiya mai ɗan nisa ba tsaye-tsaye. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa GRA injin bai ma gama ɗumama ba an kashe shi, to yaushe zai ƙona? Ƙari a kan haka, an ƙera waɗannan injuna ne don gas mai sinadarin sulfa da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma gas ɗin da aka daɗe ana sha a ƙasar nan ya ninka wannan sau da yawa. Wanda ake saye a jarka wurin 'yan bumburutu kuma, ga ruwa ga datti, wani lokacin har da kalanzir.

Da a farkon gargaɗin ne, da tafiyar minti talatin zuwa arba'in a titin Kano da gudu ɗaya ta isa. Tunda har ta rage ƙarfi, sai mai kwamfuta ya tilasta ƙonawar, a fili, nesa da busasshiyar ciyawa. Kafin nan ya duba ƙananan tiyo da sensar da ke auna toshewar tukunyar, don wani lokaci sensar ce ke ƙarya. Ya kuma zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya haura alama yana warin gas, wataƙila ƙonawar da ake ta katsewa ce ta sa gas ya zurara ciki, dole a juye shi. Wanda za a zuba ya zama mai ƙarancin toka, irin wanda littafin motar ya ambata, galibi mai alamar ACEA da harafin C a jikin galan.

Maganar cire tukunyar, na san da yawa sun yi, kuma ba zan ce motocinsu sun tsaya ba. Amma ni ba da ita zan fara ba. Ana iya kwance ta a wanke. In an fasa cikinta babu komawa, hayaƙin da take kamawa zai koma hancin yaran da ake saukewa a ƙofar makaranta, kuma in wanda ya taɓa manhajar kwamfutar bai ƙware ba, fitilar ba za ta bar ka ba.

Nozul kuwa ana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta auna man da kowane ke mayarwa da kuma lissafin da kwamfuta ke nunawa. In ɗaya ne ya gaza, ɗaya za a saya, kuma sabon yana da lamba a kansa da sai an shigar wa kwamfutar motar. Bakaniken da bai san wannan ba, kada ka bar shi ya kwance ko guda.

Tambaya: Malam, ni direban Prado mai gas ne a Daura. Duk lokacin da fitila ta kama sai mun je Katsina ko Kano. In ba maigida shawara ya sayi 'yar na'urar nan da ake haɗawa da waya?

Amsa: Ka ba shi, ɗan'uwa. Irin su ELM327 ba su da tsada, kuma za su gaya maka ko abin na lallaɓawa ne ko na fakawa kafin ka ci kilomita kusan 80 zuwa Katsina. Sai dai lambobin inji na gama-gari kawai akasarinsu ke karantawa. Giya, birki da shigar da lambar nozul sai babbar kwamfuta irin Techstream ta Toyota. Ka riƙa cire ta in ka gama, don wasu na zuƙe batir ko mota na kashe. Kuma ka koyi zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas. Akwai fitilarsa daban, kuma aikin minti biyar ne.

Tambaya: Malam, dillali ya kawo mini Range Rover Sport mai gas ta 2017, farashinta da sauƙi, amma fitilar inji na kunne. Ya ce sensa ce kawai. In saya? Daga wata Hajiya, unguwar Layout.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, in sensa ce kawai, me ya hana shi canzawa ya sayar da daraja? Ki ce a kai ta wurin mai kwamfutar da ke kika zaɓa, da sassafe, injin bai taɓa tashi ba a ranar. In kuma gobe ya dawo da ita fitila a kashe, a murɗa makulli ko a danna maɓalli ba tare da tada inji ba: fitilar dole ta haska sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta haska ba sam, an toshe ta. Kwamfuta ma tana nuna ko an yi gogewa kwanan nan, domin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba.

Ta shekarar 2017, in ta Turai ce, tana shan wani ruwa daban na tsaftace hayaƙi, AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce tsantsa, sauran tataccen ruwa. Takin zamani da aka jiƙa ba ya maye gurbinsa, zai toshe famfon. In ya ƙare, motar tana ƙirga miki kilomita, daga nan in kin kashe ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Ki tabbatar kina da inda za ki riƙa samunsa, ki kuma ajiye shi a inuwa don zafin bazara na rage masa inganci. In zirga-zirgarki ba ta wuce cikin Katsina da ɗan zuwa biki ba, ki bar wa masu doguwar tafiya ita, ki sa a nemo miki mai fetur.