Tambaya da Amsa: Wai gawayi na tace ruwan rini?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mai rinin shadda ce a Bukoki nan Yamai, kullum in mun tashi daga aiki ruwan rinin nan baƙi ƙirin a titi muke zubar da shi, har maƙwabta sun fara magana, kuma wallahi suna da gaskiya dan wurin ko ciyawa ba ta fitowa. Ɗana da ke lakkol ya ce wai gawayi na tsotse launin. Da gaske ne? Kuma gawayin girki zai yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa miki. Shi gawayi cike yake da ƴan mitsi-mitsin ramuka da ido ba ya gani, in ruwa ya ratsa ta cikinsu sai launin ya maƙale a bangonsu, ruwan ya wuce. Na girki zai rage miki, amma kaɗan, dan yawancin ramukansa a toshe suke. Wanda ke aikin sosai shi ne sharbon aktif, gawayin da aka buɗe wa ramuka da tururi mai zafin da ya haura digiri 800, ko da asid a wajen digiri 400 zuwa 600. Giram 1 na mai kyau, da za a shimfiɗe cikinsa, zai kai murabba'in mita 1000, kin ga giram 7 ya rufe filin ƙwallo ke nan. Abin da ke min daɗi, ba sai an sare itace ba, ɓawon ƙwallon aduwa da na goriba da muke watsarwa suna yi, kuma masu bincike a Jami'ar Abdou Moumouni sun gwada su. Amma dan Allah kar ki taɓa asid a gida.

Ki samu tano, wato duro, guda 2. Na farko ki tara ruwan ya kwana, laka ta kwanta ƙasa. Na biyu ki huda gindinsa, ki sa tsakuwa, sai yashi, sai gawayin da kika daka ya koma kamar tsakin masara kika wanke masa ƙura, ki cika fiye da rabi. Ki dinga zubawa a hankali, nan ne mutane ke kuskure, su kwarara bokiti guda lokaci ɗaya su ce bai yi ba, alhali ruwan na son ya jima a jikin gawayin.

To ga inda nake so ki saurare ni da kyau Hajiya. Abin da ke ƙona ciyawar nan ba launi ba ne kaɗai, soda ce da kuke sawa, ita ce ma ke cin hannun ƴan aikinki in babu safar roba, kuma gawayi ba ya kama ta, ba ya kama gishiri. Ko ruwan ya fito garau kar a ba dabba, kar a kai lambu, balle yaro ya sa a baki. Ki maida shi ɗaurayen farko na shadda, kin ma rage kuɗin ruwa.

Sannan dattin bai ɓace ba, yana nan cikin gawayin. In ya ƙoshi kar a yi girki ko shayi da shi, kar kuma a zube shi a magudana, dan ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa Gunti Yena, ƙoramar nan da ta ratsa Yamai, daga nan sai kogi, inda masunta da masu lambu ke neman abincinsu. Ki shanya shi, ki ɗure a buhu a kai juji nesa da rijiya. Yadda za ki san ya ƙoshi, duk safiya ki tari ruwan a farar kwalba ki ɗaga ta a rana, ranar da kika ga launi ya fara dawowa sai ki canza.