Shin a ƙara girman filafilan jirgi idan za a sauya su?

Tambaya: Ina kula da jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai tsawon ƙafa 55, a tsibirin Malta da ke Bahar Rum. Filafilansa na yadin roba na Dacron sun shekara tara, kuma maigidana yana son shiga gasar tseren jiragen ruwa ta Middle Sea a watan Oktoba. Wani dillali ya ce a ɗinka sababbi da suka fi na yanzu girma domin jirgin ya ƙara gudu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kana da gaskiya da ka ji tsoro. Batun sauyawa ba ya buƙatar dogon bayani: idan tumbin filafilin ya koma baya, jirgin yana yawan kishingiɗa, sitiyari kuma yana gardama, to yadin ya saki, ko da bai yage ba. Kada ka yarda a yanka sabo da awon da ke cikin takardar kamfani. Maɗinki ya zo da kansa ya auna I, J, P da E, wato awon tsayi da faɗin wuraren da ake ɗaura filafilan, a jikin jirgin.

Maganar dillalin ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta daga bakin mutanen da ba su taɓa kwana a teku ba. Ƙarfin da iska ke danna filafili da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka biyu. Ƙarin yadin da zai burge maigidanka a iska mai laushi shi ne zai kwantar da jirgin idan ta yi ƙarfi, ya ɗora wa jigo da wayoyinsa nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Jigo kuwa ba ya sallama kafin ya karye.

Ribar ma kaɗan ce. Jirgi mai nauyi wanda tsawon sashensa da ke taɓa ruwa ƙafa 49 ne, da wuya ya wuce mil tara da rabi na teku a awa, komai yawan yadin da aka ɗaura masa. Sannan ƙa'idojin IRC da ORC, waɗanda ake daidaita lokacin jirage da su a gasa, suna lissafa faɗin filafili, saboda haka abin da kuka samu a ruwa za a zare shi a takarda. Ko dillalin ya gaya muku wannan? Shi dai da mita yake sayarwa.

Gasar Middle Sea mil 606 ce na teku, ana zagaye tsibirin Sisili, kuma iskar Oktoba a can ba ta da alkawari. A gasar Fastnet ta 1979, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, matuƙa 15 suka rasu cikin guguwa. Ka shawarci maigidanka ya bar girman yadda maƙerin jirgin ya tsara, ya sa kuɗin a yadi mai riƙe siffarsa, da matakan naɗewa uku a babban filafili domin rage faɗinsa idan iska ta yi ƙarfi, da ƙaramin filafilin guguwa. Domin iska mai laushi, a sayi filafilin goshi mara nauyi daban, wanda ake saukewa da zarar ta fara tashi.