Shin wasan ƙofar gida ya isa motsa jiki?

Malama, kin tambaya ko wasan da yara ke yi a ƙofar gida ya wadatar, kuma ko babba zai amfana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, babba kuwa minti 150 a mako. Langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya ana riƙe da ɗayar ta baya, tana ƙarfafa cinya, kuma ba ta daɗewa take sa yaro haki da gumi. Babban da gwiwarsa ke ciwo gara ya haƙura da langa, ya riƙa jefa ƙwallo tare da yaran bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi.