Tambaya da Amsa: Me Duniya Ke Yi Kan Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin ana cewa jikin ɗan Adam ya fara sabawa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta har ba sa yi masa aiki, kuma ina jin labarin manyan taruka da ake yi a kan haka. Ina roƙon a bayyana mini gaskiyar lamarin, da kuma abin da tarukan suka haifar. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai gyara ɗaya da ya kamata a fara da shi, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. Jikin mutum ba ya sabawa da maganin antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Ƙwayoyin bakteriya ne ke sauyawa: duk lokacin da aka sha magani, masu rauni suna mutuwa, masu juriya su tsira su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu ire-iren bakteriya wannan juriyar. Saboda haka mutumin da bai taɓa shan maganin ba ma zai iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta bijire, kuma ƙwayar ba ta neman izinin shiga wata ƙasa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan hakan tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yammacin Afirka ne yankin da adadin mace-macen ya fi yawa idan aka auna da yawan jama'a.

Batun taruka kuwa, an yi su, kuma ba za a ce duk a banza ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin bai-ɗaya wanda ya nemi kowace ƙasa ta rubuta nata, ta kuma kafa tsarin GLASS domin tattara sakamakon gwaje-gwaje daga ƙasashe. A 2016 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a kan batun, ya sake zama a watan Satumban 2024, inda shugabanni suka yi alkawarin rage waɗancan mace-mace miliyan 4.95 da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Sun kuma amince cewa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik ɗin da mutane ke sha su fito daga rukunin farko na AWaRe, jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik rukuni-rukuni a cikinsa, wato magungunan da ke warkar da cututtukan yau da kullum ba tare da saurin haddasa bijirewa ba, a adana masu ƙarfi sai ranar da ta ɓaci. Tun daga 2022 hukumomin lafiya, abinci da noma, lafiyar dabbobi da muhalli na duniya suna aiki tare a kan matsalar, domin ƙwayar da ta taso a gonar kaji tana iya bin ruwa ta isa gadon asibiti.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Zuwa ƙarshen 2023 ƙasashe 178 sun rubuta shirinsu, amma kashi 11 cikin ɗari kaɗai suka ware masa kaso a kasafin kuɗinsu. Wani nazari da ya duba ƙasashen Afirka 14 ya gano cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke iya gwajin bakteriya. Likitan da ba shi da ɗakin gwaji dole ya yi kirdado, kuma mai kirdado yakan zaɓi magani mafi ƙarfi don ya kwana da kwanciyar hankali. A ganina, alkawarin dala miliyan 100 da aka yi a 2024 domin tallafa wa shirye-shiryen ƙasashe ya yi kaɗan ƙwarai idan aka ɗora shi a kan girman wannan giɓi.

Tambaya: Shin akwai ƙasar da ta ɗauki mataki aka ga amfaninsa a zahiri, ko kuwa duk magana ce? Daga wani ɗalibin likitancin dabbobi.

Amsa: Akwai, Malam, kuma misali mafi bayyana yana cikin fannin da kake karantawa. Shekaru da dama ana zuba antibayotik a abincin dabbobi masu lafiya domin kawai su yi saurin girma. Tarayyar Turai ta haramta wannan a 2006, Amurka kuma ta hana yin haka da magungunan da ke da muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam daga 2017. Sai dai Holan ta gano cewa haramcin kaɗai bai wadatar ba, domin an ci gaba da ba dabbobi maganin da sunan jinya. Abin da ta yi shi ne ta sa kowace gona ta riƙa bayyana adadin da ta yi amfani da shi, ana kwatanta ta da takwarorinta, wadda ta wuce gona da iri a nemi ta gyara tare da likitanta. Gwamnati ta nemi a rage rabi kafin 2013, aka cim ma hakan kafin wa'adin, kuma cikin kusan shekara goma daga 2009 cinikin antibayotik na dabbobi ya ragu da fiye da kashi biyu bisa uku, kiwo kuma bai durƙushe ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne an auna kowa, an kuma nuna masa inda yake.

Chaina ta ba da wani misalin. A 2015 masu bincike suka gano a aladu da mutane wata ƙwayar halitta ta gado a jikin bakteriya mai suna mcr-1, wadda ke sa bakteriya ta bijire wa colistin, ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke komawa gare su idan sauran sun gaza. Ƙasar ta hana amfani da shi wajen ƙara girman dabbobi a 2017, Indiya ta haramta shi ga dabbobin da ake ci a 2019. Ita Indiyar ta kuma ɓullo da jan layi a jikin kwalin magani a 2016, alamar kada a sayar sai da takardar likita, ko da yake jan layi ba ya tsayawa a kantin magani ya hana ciniki, sai da mai sa ido.

Misalin da na fi so a lura da shi na Pakistan ne. A 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a lardin Sindh wanda ya bijire wa kusan duk magungunan da aka saba, har ya zamana azithromycin ne kaɗai na sha da ya rage. A watan Nuwamban 2019 Pakistan ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da sabuwar allurar rigakafin taifot cikin rigakafin yara na yau da kullum. Yaron da bai kamu ba ba ya buƙatar antibayotik, don haka allura, ruwa mai tsafta, masai da wanke hannu a asibiti suna cikin wannan yaƙi, ko da yake ba kasafai ake kiran su da sunansa ba. Kada kuma a manta cewa a ƙasashe matalauta rashin samun antibayotik ɗin da ya dace a kan lokaci yana kashe yara masu yawa, don haka dokar da za ta toshe sayarwa ba tare da ta kusanto da ma'aikacin lafiya ba ta magance rabi ta bar rabi.

Tambaya: Me ya hana kamfanoni su ƙera sababbin magunguna kawai a huta? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ciniki ne ya hana, Malam. Sabon antibayotik mai kyau ajiye shi likitoci ke yi sai an rasa mafita, kuma ana shan sa na 'yan kwanaki ne, saɓanin maganin hawan jini da ake saye har ƙarshen rayuwa. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami amincewar hukuma ga maganinsa plazomicin a 2018, ya karye a 2019.

Ana ƙoƙarin cike gurbin ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tallafa wa bincike: CARB-X da GARDP, ƙungiyoyi biyu masu tallafa wa samar da sababbin antibayotik waɗanda aka kafa a 2016, da asusun AMR Action Fund na kusan dala biliyan ɗaya da kamfanonin magani suka haɗa a 2020 da burin fito da sababbin magunguna biyu zuwa huɗu kafin 2030. GARDP ce ta jagoranci gwajin zoliflodacin, sabon maganin ciwon sanyi, wanda ya ba da kyakkyawan sakamako a 2023. Ta biyu ita ce sauya yadda ake biya. A 2022 Ingila ta fara biyan kamfanoni biyu kuɗi tsayayye, har fam miliyan 10 a shekara ga kowane magani, ko an yi amfani da shi da yawa ko kaɗan, domin kada riba ta dogara da yawan sayarwa. Tsarin yana da hikima, amma kasuwar ƙasa ɗaya ba ta isa ta mayar wa kamfani kuɗin bincikensa ba, kuma har yanzu manyan ƙasashen da suka bi sahu ba su da yawa. Ƙudirin dokar PASTEUR, wanda zai kawo irin wannan tsari a Amurka, an fara gabatar da shi ga majalisar dokokin ƙasar tun 2020.