Tambaya da Amsa: Mu biya ɗan jagora zuwa Sintra, ko mu tafi da kanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina harkar fata. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan je Lisbon, babban birnin Fotugal, wani taro tare da uwargida, kuma muna da yini guda da ba abin yi. An tallata mana yawon yini ɗaya da ɗan jagora: fadojin kan dutse a Sintra, daga nan garuruwan bakin teku, a dawo da yamma. Kuɗin da ɗan nauyi. Mu biya, ko mu kama hanya da kanmu? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa.
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da kai kaɗai ne, da na ce ka riƙe kuɗinka. Jirgin ƙasa daga tashar Rossio a tsakiyar Lisbon zuwa Sintra kamar minti 40 ne, kuma wanda ya saba fita daga Agege zuwa Idumota da safe ba zai kira wannan tafiya ba. Gwiwar Hajiya ce ta sauya lissafi. Tashar jirgi tana ƙasa, Fadar Pena tana can ƙololuwar dutse, hanyar siririya ce mai yawan kwana, bas mai lamba 434 da ke hawa da mutane kuwa layinsa sai mai haƙuri. Ku biya.

Amma kafin ka saki ko yuro ɗaya, tambaye su: tikitin shiga cikin fadar yana cikin kuɗin? Ni a nan aka yi min sakiyar da ba ruwa. Sai da muka isa ƙofa ɗan jagoranmu ya ce namu na lambu ne kawai, tikitin ciki kuma da lokaci a jikinsa, na safe duk sun ƙare. Sai da na koma washegari. Ka kuma sani, daga ƙofar lambu zuwa fadar akwai sauran hawa. Akwai ƙaramar mota da ake biya ta kai mutum, ku shige ta.

Fadar ta cancanci wahalar. Sarki Fernando II ne ya sayi kangon wani gidan ibadar Kirista a 1838 ya gina ta a kai, rabi rawaya, rabi ja. Ranar da na je hazo ya rufe dutsen, ina tsaye a baranda ban ga ko tafin ƙasa ba, sai iska ta ɗan yaye shi, ga teku can nesa. Wasu ƙofofin an yi musu bakan gizo irin na ginin Larabawa, har suka tuna min da zauren fada a gida. Ɗakunan ciki kuwa, bin sahu ake yi kamar layin banki. In lokaci ya ƙure, waje ya fi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ganuwar da ke dutsen da ke kusa, Castelo dos Mouros. Musulmin Andalus ne suka gina ta, tana hannunsu har 1147, shekarar da Lisbon ta faɗa hannun Sarki Afonso Henriques. Kamar badalar Kano ce, amma ta dutse, tana bin ƙashin bayan tsauni. Sau da yawa ta tagar mota ake nuna ta a wuce. In za ka iya shawo kan ɗan jagora, ka hau. Matakalarta ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, don haka Hajiya ta zauna a cikin gari da shayinta, kusa da tsohuwar fada mai manyan bututun hayaƙi biyu farare, kowane mita 33.

Cabo da Roca, ƙarshen ƙasar nahiyar Turai ta yamma, tsayawar hoto ce. Riƙe hularka. Tawa zanna bukar tana can cikin Atlantika.

Cascais (su suna cewa Kashkaish) ƙauyen masunta ne kafin Sarki Luís I ya mai da shi wurin hutunsa na bazara a 1870. Fili ne shimfiɗaɗɗe, nan Hajiya za ta wataya. A nan za ku ci abinci: ku tsaya kan gasasshen kifi, ku tambaya kafin a zuba, don girkin Fotugal da naman alade kamar ɗan Agege da burodi ne, har da abincin teku suna haɗa shi. Ku ɗauki sallaya da gorar ruwa, don ni a inuwar wata bishiya na yi azahar. Babban masallacin Lisbon yana kusa da Praça de Espanha, in tafiyar ta haɗa da Juma'a.

Ku tafi da rigar sanyi ko da ana rana a Lisbon, saman Sintra daban yake.

In an tambaye ka daga ina, ka ce Nijeriya tukuna. Su ma suna da garinsu Lagos a kudu, yankin Algarve. Da na ce wa mai gasa kifi daga Legas nake, kallon babbar rigata ya yi, ya tambaye ni wace unguwa.