Haɗarin ya wuce, amma firgicin ya ƙi tafiya: amsoshin likita

Tambayoyin da na ware a wannan karon duk a kan abu guda suke, wato raunin da ke zama a zuciya bayan mutum ya tsallake rijiya da baya. Na cire sunayen masu tambaya.

Likita, ni direba ne. Wata bakwai da suka wuce na yi haɗari, yaron motata ya rasu a gefena. Karayar da na samu ta ɗoru, amma har yau da na ji ƙarar birki sai gabana ya faɗi, gumi ya keto mini, in ga kamar yanzu abin ke faruwa. Na ajiye tuƙi, hanyar ma ba na bi. Abokaina sun ce rashin tawakkali ne. Ko dai kaina ne ke shirin taɓuwa?

Allah ya jiƙan yaronka, kai kuma ya ba ka lafiya. Ɗan'uwa, kanka lafiya lau, kuma imaninka ba shi da laifi a nan. Ciwo ne sananne da likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ibtila'i. Tun Yaƙin Duniya na Ɗaya ake ganin sojoji suna dawowa suna karkarwa alhali ko ƙwarzane babu a jikinsu, amma sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin kundin cututtukansu, bayan abin da suka gani tattare da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 kan gamu da wani abin firgici a rayuwa, waɗanda ciwon ke kamawa daga cikinsu kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. Kai kana cikinsu, kuma akwai magani.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, aikinsa gadi. Ranar haɗarin ya haddace komai, ƙarar birki, warin fetur, har da hasken da ke kan gilashi. Ɓangaren da ya kamata ya ajiye lamarin cikin abubuwan da suka riga suka wuce bai samu ya yi aikinsa ba. Shi ya sa mai gadin nan ke kwarmata ihu duk lokacin da ya ji birki. Kuma duk ranar da ka kauce wa hanyar nan, kana samun sauƙin ɗan lokaci, shi kuma yana ƙara sakankancewa cewa gudun ne ya cece ka. Gudun ne ke ciyar da ciwon.

Don haka maganin da ya fi aiki na magana ne, a wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam da ya koyi wannan fanni. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne, sau ɗaya a mako. Wata masaniya a Amurka, Edna Foa, na cikin waɗanda suka tsara hanyar. Za ka ba da labarin haɗarin da bakinka, tiryan-tiryan, ka maimaita, ka sake maimaitawa, kana faɗin inda tsoronka ya kai tsakanin 0 da 100. A waje kuma za ku kafa tsani. Matakin farko ka zauna cikin mota a ajiye, ba a tayar ba, hannunka a kan sitiyari, har bugun zuciyarka ya lafa. Wani makon a tayar da inji. Sannan wani ya tuƙa kana gefe. Ba a tsallake mataki.

Akwai abin da ba ka rubuta ba, amma ina jin yana nan: "Da ban ɗauko shi ba ran nan." Wannan tunanin ya fi ƙarar birki ciwo, kuma shi ma ana zama a warware shi. Ka faɗa wa mai duba ka tun zaman farko.

Likita, 'yan fashi sun tsare maigidana kwana biyar bara. Tun da ya dawo ba ya barcin kirki, yana zabura da ihu cikin dare, abu kaɗan sai faɗa. Ya ƙi gaya mini abin da suka yi masa. In matsa masa ya amayar da abin ko zai huta?

Kada ki matsa masa, 'yar'uwa. Na san na gama cewa ba da labari magani ne, amma wancan a hannun ƙwararre ne, da tsari, da yardar mai ciwon. Bincike ya nuna cewa zaunar da mutum a tilasta masa zayyana abin da ya same shi ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara dagula shi yake yi. Abin da ke hannunki shi ne ki sanar da shi sau ɗaya, cikin natsuwa, cewa duk ranar da ya shirya kunnenki na nan. In ya zabura da dare kada ki rirriƙe shi. Kunna fitila, kira sunansa daga ɗan nesa, ki gaya masa a gida yake. Wajen jan hankalinsa zuwa asibiti, ki shigo ta ƙofar barci, domin mutane da yawa sun fi saurin yarda su ga likita kan rashin barci. Amma in faɗan ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kan yara, ciwonsa ba hujja ba ce. Ki nemi wanda kika amince da shi ya shigo cikin maganar, kuma ki fara tsare lafiyarku.

Likita, kwana goma ke nan da gobara ta cinye gidanmu. Ba na iya barci, wata ƙawata ta ba ni ƙwayar sa barci mai suna Valium. In ci gaba da sha?

Sannu da wannan jarrabawa. A kwana goma, rashin barci da zabura da yawan kuka ba ciwo ba ne tukuna, jiki ne ke warware gajiyar tsoro, kuma mafi yawan mutane kan dawo daidai cikin 'yan makonni. Sai alamun sun haura wata guda suna hana ki harkokinki ake kiran abin PTSD. Ƙwayar nan kuwa ki ajiye ta. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda ya fito daga ibtila'i irin waɗannan ƙwayoyi a watan farko, domin ba sa hana ciwon kuma jiki na saurin sabawa da su. In mutum ya riga ya jera makonni yana sha, likita ne zai rage masa a hankali. Idan ana buƙatar ƙwaya nan gaba, magungunan ciwon damuwa irin su sertraline ake bayarwa, su kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu.

Likita, wani babba a gidanmu ya ci zarafina ina 'yar shekara tara. Yanzu shekaruna 31. Na fara ganin masaniyar halayya, tana sa ni tuna abin ina bin yatsunta da ido. Bayan zama na uku mafarkan sun ƙaru. In daina zuwa?

Kafin komai, ba laifinki ba ne. Yarinya 'yar shekara tara ba ta da laifi a abin da babba ya yi mata, ko da ta yi shiru, ko da shirun ya kai shekara 22.

Hanyar da take bi da ke sunanta EMDR. Francine Shapiro ce ta ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1980, kuma tana cikin hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Alfanunta ga mai irin lalurarki shi ne ba dole sai kin furta kowane daki-daki da baki ba. Ƙaruwar mafarki a makonnin farko kuwa abu ne da kan faru, kamar yadda tsohon gyambo ke raɗaɗi ranar da aka fara wanke shi, kuma yakan lafa. Ina roƙonki kada ki ɓace mata shiru. Koma ki gaya mata abin da kika gaya mini. Ƙwararriya za ta sassauta tafiyar, ta ƙara koya miki dabarun dawo da hankali. Ga ɗaya ki fara da ita daren yau: in kin farka a firgice, dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ambaci abu biyar da idonki ke gani a ɗakin, huɗu da kike iya taɓawa, uku da kunnenki ke ji, sannan ki faɗi shekarunki da ƙarfi.

Raunin da aka yi wa mutum tun yarinta, daga hannun wanda ya kamata ya kare shi, yakan ɗauki lokaci fiye da na haɗari guda, don haka kada ki auna kanki da zama 12. Idan kuma kika ji tunanin kashe kanki na zuwa, wannan ba ya jiran ranar zama. Ki gaya wa wani na kusa da ke, ku tafi asibiti a ranar.

Likita, ɗana mai shekara shida ya koma fitsarin kwance tun da ambaliya ta ci unguwarmu, kuma kullum wasansa na nutsar da 'yar tsana cikin bokiti ne.

Baiwar Allah, da wasan nan yake ba ki labarin da bakinsa bai iya ba. Kada ki hana shi, kada kuma a doke shi ko a kunyata shi kan fitsarin. Ki zauna kusa da bokitin ki tambaye shi wa zai zo ya ceci 'yar tsanar. A tsayar masa da lokacin barci da na makaranta yadda ya saba, a kuma rage maimaita labarin ambaliyar a gabansa. In an haura wata guda babu sauyi, ku je a gwada fitsarinsa tukuna, sannan ki nemi mai duba yara a wannan fanni. A nasu maganin ana haɗawa da uwa ko uba a cikin zaman, don haka ki shirya zuwa tare da shi.