Amsa ga ƙanwata mai son lissafin kalori a abincin Fiji

Ƙanwata na ga saƙonki, ƙarfe uku na dare ya shigo, don Allah ki riƙa tuna awa 11 ne tsakanin Kano da Suva, babban birnin Fiji, inda nake. Kin ce kin samu gurbin karatu a USP, wato Jami'ar Kudancin Pacific da ke nan Suva, kuma likita ya ce ki rage ƙiba saboda suganki ya fara hawa, shi ne kike tambaya wace manhaja za ki sa a waya ta riƙa lissafa miki kalori in kin fita cin abinci. To barka da arziki. Amma maganar manhaja ki ajiye ta gefe, ni na yi wata uku ina fama da ita, ki rubuta rourou ta kawo miki alayyahu, ki rubuta kokoda ta ce kifi ne kawai mara mai, ni kuma ina ta murna ina cewa ai ganye da kifi nake ci. Kilo 11 na ƙara a shekarar farko, atamfofin da na ɗinko kafin tafiya ko ɗaya bai ƙara shigata ba, kuma babu wanda ya gargaɗe ni, shi ya sa har yau abin ke min ciwo.

Matsalar duk tana cikin lolo, wato madarar kwakwa mai kauri da suke matsewa. Giram 100 na mai kaurin ya haura kalori 300, ko ta gwangwani da aka tsinka tana kusan 200. Rourou ganyen gwaza ne, ganyen kansa ba komai, amma an dafa shi tsundum cikin lolo. Kokoda ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a lemun tsami har ya yi fari, sannan a kwarara masa lolo da albasa da barkono, daɗi kamar kunne zai fita, kuma romon nan da kike kurɓewa a ƙarshe ya fi kifin nauyi. Palusami kuwa ki ji tsoron Allah ki ji tsoronsa, ɗan ƙunshi ne kamar alala, ganyen gwaza da lolo, sau da yawa har da naman gwangwani mai kitse, ni ƙunshi ɗaya nake lissafawa a matsayin rabin abincin rana gaba ɗaya.

Yadda nake yi yanzu, da ido da hannu ne. Dalo gwaza ce irin tamu sai dai girma, tavioka kuma rogo, su ne tuwonsu. Dafaffe yana wajen kalori 140 zuwa 160 a giram 100, to yanka ɗaya daidai dunƙulen hannuna nake ɗauka in ce 200 da ɗoriya, ba na ƙarawa ko ana roƙona. Duk miyar da na ga ta yi fari tana ƙyalli, cokali nake ƙirgawa, babban cokali ɗaya kamar 50. In kifi gasasshe ne ki ci ki more. In kina shakka ki ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da zuciyarki ta faɗa, don zuciya ragi take yi.

Abin da ya fi ba ni wuya ba lissafin ba ne, mutanen ne. Sun fi mu karamci wallahi, kina wucewa za ki ji "mai kana", wato zo ki ci, kuma faranti ake cikawa kamar na mai aikin gona. Na farko da aka gayyace ni lovo, irin girkin da ake binnewa a rami kan duwatsu masu zafi, kunya ta sa na cinye tas, sai aka ƙaro. Yanzu nakan zuba da kaina, in ci a hankali, in ce vinaka, wato na gode, da murmushi. Kuma a lovo sai kin tambaya, galibi akwai alade a ramin tare da kaza da kifi, ni sai in tsaya kan abin da aka dafa daban.

Halal ba zai miki wahala ba a Suva, akwai Musulmi jikokin Indiyawan da Turawan Ingila suka kawo noman rake daga 1879, da masallatai da mahauta. Sai dai nan ma tarko ne, roti, wato gurasar Indiyawa, da miyar kori da ake naɗewa a takarda arha ne, ɗalibi na iya cin uku a tsaye, kuma mai ne a ciki fal.

Ki taho da na'urar gwajin suganki da tsinkayenta masu yawa. Kilishi kada ma ki fara, a filin jirgin Nadi suna bincikar kayan abinci sosai, kuka da kuɓewa da yaji in kin ɗauko ki rubuta su a fom ki nuna musu da kanki. Ki gaida Umma, ki ce mata na rage kilo 8 daga ciki, saura uku sun ƙi tafiya.